Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Abin da na fara gani da na shiga labon jami'a, ɗakin gwajin na'urori, shi ne, duk ordinatocin da ke ciki, wato kwamfutoci, an rufe musu ido. Kowace an manna mata guntun sikoc mai ɗanko a kan ƴar hudar kyamararta, wata baƙi, wata shuɗi, ɗaya kuma filastar ciwo aka liƙa mata. Na tsaya a bakin ƙofa rungume da jakar lakwal ɗina, wato makaranta, sanyin kilim, na'urar sanyaya ɗaki, yana bin yatsun ƙafata. A waje bazara ce, irin wadda duwatsun Birni ke ɗaukar zafi har akuya ta ƙi hawansu.

Baba ne ya aiko ni. Bayan sadakar arba'in ɗin Yaya, malaminsa na jami'a ya kira talhon gida ya ce akwai kayansa, akwai kuma magana. Baba baduku ne, Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, kuma tun rasuwar ba ya bin hanyar da ta nufi jami'a. Ya ce ni in je, tunda ni ke lise, wato babbar sakandare.

Yaya shi ne ɗan fari a gidanmu. Sanƙarau ne ya ɗauke shi. Ya dawo da ciwon kai, wuyansa ya ƙage, aka kai shi likita, wato asibiti, bai dawo ba. Karatunsa na tsaron na'urori ne, wato yadda za a gina abu a cikin na'ura ta yadda ɓarawo ba zai iya shiga ba. Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta taɓa yarda karatu ne ba. Takan ce masa, "Kakanninka daga Barno suka zo da raƙuma, kai ka ƙare a ƙera kwaɗon da ba a gani." Shi kuma ya ce, "Tsohuwa, shi ya sa ban sa miki a baki ba, sai na ƙera babba."

Ɗalibai ne a ɗakin, sun rabu gida biyu suna musu. Daga baya na gane haka ake koya musu: wasu su gina, wasu su fasa. Wani dogo yana ce wa abokinsa, "Ƙofar taka ai kafin shayi ya tafasa muka shiga. Ko asabari ya fi ta." Aka yi dariya. Sai wata mai tabarau ta waiwayo ta gan ni. Ni da Yaya goshinmu ɗaya. Dariyar ta mutu daga wannan tebur zuwa wancan.

"Ƙanwarsa ce," in ji ta. Ta taso ta kama hannuna. "Shigo, ƙanwata. Ya haƙuri?"

Na amsa, amma ban ji abin da na ce ba.

Malamin gajere ne, gemunsa ya soma fari, hannun rigarsa duk tawadar allo. Ɗaliban Mushe suke ce masa, wato malam da Faransanci, ni ma na bi su. Ya ba ni leda: hular Yaya, kofin shayinsa, da silifan da yake alwala da su. Na ɗauka shi ke nan. Sai ya buɗe kabad ya fito da wani ɗan akwatin ƙarfe, bai wuce sabulun wanki girma ba, ya ajiye a tsakanina da shi.

"Ƴata, aikin yayanki duk yana cikin nan," in ji shi. "Kuma mun kasa buɗewa."

Ya yi mini bayani a hankali, da Hausa, yana tsinto Faransanci in ta ƙure masa. Yaya yana bincike ne kan kulle na murya, saboda mutanen da ba su iya karatu ba, waɗanda ke miƙa wa mai caji talhonsu har da lambar sirrinsu don ya danna musu. Ya bi lungunan Birni da kasuwar Mirriya yana ɗaukar muryoyin mutane da izininsu. Kuma shi da kansa ya zauna a gaban mikoro, abin ɗaukar murya, yana karanta jimlolin da na'urar za ta riƙa faɗa, yana kuskure, yana dariya, yana sakewa. Duk ya zuba su a akwatin nan, ya kulle da kullen da ya ƙera da hannunsa.

Ban ji sauran maganar sosai ba. Hankalina ya tsaya a kan cewa muryarsa tana ciki.

A gidanmu babu muryar Yaya ko kaɗan. Saƙonnin murya da yake aiko mini ya saita su suna goge kansu in an saurara. In na yi ƙorafi sai ya ce abin da ba a ajiye ba, ba a sace shi. Abokansa ma haka yake yi musu. Akwai bidiyon wani biki da ya gitta a bayan mutane ɗauke da tabarma, bakinsa a rufe. Kuma ni na riga na soma wani abu da ban gaya wa kowa ba: in na tuna maganarsa, kalmomin nasa ne, amma da muryata nake jin su a kaina.

"Ba ku iya fasawa?" na tambaya. Ita ce tambayata ta farko a ɗakin.

Dogon nan ya sunkuyar da kai. "Tun yana raye muke gwadawa, shi ne darasinmu na bana. Kullum ya same mu a kai sai ya ce mu sha shayi, shi zai biya." Ya murza idonsa. "Lokacin alfahari muke yi da shi."

Mushe ya ce ƙofa biyu ce. Ta farko kod ne, wato lambar sirri, a kan Yaya kaɗai yake, ya tafi da shi. Ta biyu ya yi ta ne don ranar da ya manta kod ɗin. Murya ce ke buɗe ta, muryar mutum ɗaya, da kalma ɗaya. Ya dubi mai tabarau, ita ta ƙarasa.

"Muryar Inna ce," in ji ta. "Kalmar kuma sunansa."

Inna ba ta taɓa faɗar sunan Yaya ba. Ɗan fari ne, da kunya a tsakaninsu. Ɗan Kaka take ce masa, ko "wannan", ko "kai". Akwai wani yaron maƙwabta mai irin sunan, shi ma sai dai ta ce takwaran wancan. Ko a likita da aka tambayi sunan mara lafiya, ni ta kalla.

Nan take na tuna wani yammaci a tsakar gida. Inna tana tankaɗe, Yaya ya tsuguna kusa da ita da mikoro, yana ta jan ta da hira: labarin aurenta, tsadar ruwan ga-ruwa, kazar da ta shiga ɗaki. Tana faɗa tana dariya, gari a girarta. Can ya ce, "Inna, faɗi sunana."

"Allah ya shirye ka."

"Sau ɗaya tak. Ba wanda zai ji."

"Je wajen matarka ta faɗa maka," in ji ta, ta nuna Kaka da rariya. Kaka kuwa ta buɗe murya ta rangaɗa sunan har maƙwabta suka amsa. Yaya ya faɗi zaune yana dariya yana cewa, "Madalla! Haka nake so." Mun ɗauka tsokana ce kawai.

Da na ba su labarin, mai tabarau ta ce a ranar ne na'urar ta koyi muryar Inna. Ɓarawo yana iya ɗaukar muryar mutum a ɓoye ya kunna wa na'ura, ta buɗe. Shi ya sa Yaya ya nemi kalmar da ba wanda ya taɓa ɗauka, don ba a taɓa faɗarta ba. Kowa a Birni ya san sunan, amma a bakin Inna babu shi ko'ina a duniya. Ta ce ranar da ya bayyana musu dabarar, har tafi suka yi masa.

"Na tambaye shi," in ji Mushe, "ranar da ake buƙatar ƙofar fa? Ya ce, Mushe, sai in sayo mata goro da turare in kwanta a ƙafarta. Mantuwa ya yi wa tanadi. Ni ma ita na hango, ni da nake malaminsa." Ya tura akwatin gefe da yatsa ɗaya. "Dama uku take bayarwa. In an kuskure duka, sai ta goge abin da ke buɗe ta, kuma daga nan ko shi ya dawo ba zai iya ba."

Dogon ya ce suna iya ɗaukar muryar Inna sabuwa su sa na'ura ta harhaɗa sunan. Mai tabarau ta harare shi. "Rabin aikinsa a kan gane muryar jabu yake. Kana so ka ƙona mana dama ɗaya a banza?"

Na dawo gida da ledar. Na ba Inna, ta leƙa ciki, ta ga silifan, ta tura ledar ƙarƙashin gado. Maganar akwatin kuwa na yi kwanaki tana bakina. In je lise in dawo, in zauna kusa da ita ina tsince shinkafa, in buɗe baki in rufe. Tun rasuwar muryarta ta dushe. Ba ta kuka a gaban mutane, amma da safe in ta ce mini in tashi, sai ka ce daga cikin tulu take magana.

Kaka na fara gaya wa. Ta saurara har ƙarshe tana tauna goronta da dasashi.

"Shegen yaro," in ji ta. Ta share ido da bakin zane. "Ni su kai ni mana. In faɗa musu har su gaji. Ba mijina ba ne?"

"Taki ba ta buɗewa, Kaka."

"To kwaɗon banza ne."

Amma da yamma ita ta gaya wa Inna, a gaban Baba, ba ta ɓoye komai ba. Baba ya ce a bar wa Allah abin da ya ɗauka. Inna ta ci gaba da hura wuta. Washegari da hantsi ina shirin lakwal sai na gan ta ta sa babban mayafinta na unguwa.

"Ajiye jakar," in ji ta. "Kai ni."

Muka taka cikin yashi har bakin titi, muka hau adaidaita. Ba ta taɓa zuwa jami'a ba. Tana kallon bishiyoyin dalbejiya da gine-ginen, a ƙofa kuma ta tambaye ni ko ta nan yake shiga kullum. Na ce e. Ta rage tafiya.

Ɗaliban duk suka miƙe. Mushe ya durƙusa ya gaishe ta, yana ce mata Hajiya, ko da yake ba ta je ba. A ƙuryar labon akwai wani ɗan ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da kwalayen ƙwai don kada sautin waje ya shiga. Kujera ɗaya, mikoro ɗaya. Kan kujerar ya lotsa ta gefe, don Yaya a karkace yake zama. Inna ta dubi mazan. Mushe ya gane, ya kwashe su suka fita har waje cikin rana. Muka rage mu uku.

Mai tabarau ta haɗa akwatin da ordinatar. "Inna, in na ɗaga hannu sai ki faɗa. Yadda kike magana a gida."

"Ɗan Kaka," in ji Inna, tun kafin a ɗaga hannun.

"A'a, Inna. Sunan yanka."

Inna ta gyara mayafi. Ta dube ni. "Ke, juya."

Na juya na fuskanci bango. Ina kallon wani kwalin ƙwai da ya ɓalle ta kusurwa, da tabon gwaiduwa a jikinsa. Na ji numfashinta a mikoro. Sannan ta faɗa.

Ban taɓa jin sunan haka ba. Mu duka gutsure shi muke yi. Ita ta faɗe shi cikakke, yadda liman ya faɗa ranar suna, ta ja ƙarshensa a hankali kamar tana tsoron ya zube.

Ordinatar ta yi ƙara gajera. Na waiwaya. Ja ne a fuskar ordinatar, alamar ta ƙi buɗewa.

Mai tabarau ta cire tabaran ta goge. "Ta gane kalmar," in ji ta. "Muryar ce ta ce ba ita ba ce."

"Ni ce ba ta sani ba?" in ji Inna.

Aka kawo ruwa ta sha, ta yi gyaran murya. Mai tabarau ta ce ko a dakata zuwa wata rana. Inna ta ce ai ta riga ta faɗa, me ya rage? A wannan karon ba ta ce in juya ba. Ta kama mikoron da hannu biyu ta kira shi da ƙarfi, irin kiran da ake yi wa yaron da ya yi nisa a lungu. Muryar ta tsage a tsakiya.

Ja.

Mai tabarau ta yi wuf ta zare wayar akwatin. Da Mushe ya shigo ta gaya masa da Faransanci, ƙasa-ƙasa, ta manta ina ji: muryar da Yaya ya koya wa na'urar ta mace ce mai dariya. Mushe ya ce wa Inna ta je ta huta, ta sha zuma, in makoshinta ya warke za a kira ta. Dama ɗaya ta rage, ba za a yi gaggawa ba. Inna ta yi masa godiya, ta sa wa ɗaliban albarka ɗaya bayan ɗaya. A adaidaita na ga leɓɓanta suna motsi. Na ɗauka tasbihi take yi.

Sunan take maimaitawa.

Daga ranar ta soma gwaji. Ta sa aka sayo zuma, ta daina shan ruwan randa mai sanyi, ta jiƙa kanumfari. Tana shara tana faɗar sunan, tana wanke-wanke tana faɗa. Wani lokaci ƙasa-ƙasa, wani lokaci ta ɗaga, wani lokaci ta haɗa da wata ƴar dariya da take ƙaƙarowa, don na yi kuskuren gaya mata abin da mai tabarau ta ce. Dariyar nan ta fi komai. In ta yi ta, kaji ma sai su ɗaga kai.

Yaron maƙwabta mai irin sunan ya yi ta shigowa yana cewa, "Inna, ga ni." Daga baya uwarsa ta hana shi. Mata suka soma zuwa dubiya ba tare da an ce kowa ba shi da lafiya ba, su zauna kaɗan, su kalli juna, su tafi. Baba ya koma cin tuwonsa a rumfa. Kaka, wadda bakinta ba ya hutawa, ta daina kiran sunan gaba ɗaya, sai ta ce marigayi.

Wata rana ina wanke kayan lakwal Inna ta zo ta tsuguna a gabana. Ta rame, wuyanta duk jijiya. Ta faɗi sunan, ta jira.

"Haka nake magana da?"

Na ce e.

"Ƙarya kike. Saurara." Ta sake faɗa da wata muryar. "Wannan fa? Wacce ta fi kama?"

Na tsaya da sabulu a hannu ina neman tsohuwar muryarta a kaina, ta ranar tankaɗen nan. Ina ganin garin a girarta, ina ganin rariyar. Muryar babu. Ita ma tana cikin akwatin.

"Ta biyun," na ce.

Ta gyaɗa kai ta tashi tana maimaita ta biyun. Da ta kai ƙofar madafa ta juyo. "Ki gaya wa malamin na shirya. In ta goge a bakina, shi ke nan, ni na kashe masa muryar."

Ta faɗe shi ne yadda ake cewa gishiri ya ƙare.

Washegari ban shiga aji ba. Daga ƙofar lise na wuce jami'a a ƙasa, don kuɗin adaidaita ba zai kai ni ya dawo da ni ba. An ɗauke wuta, labon ya yi zafi, ɗaliban suna waje ƙarƙashin bishiya suna gardama a kan wani sabon kulle. Mushe yana ofishinsa, taga a buɗe, yana fifita da kwali. Na yi sallama na tsaya. Ya nuna mini kujera, ban zauna ba.

"Ya jikin Hajiya? Muryar ta soma dawowa?"

Na girgiza kai.

Ya ce su ma suna tunani. An ba shi shawarar a jira damina, iska ta yi laushi. Ya ce aikin yayana aiki ne da zai amfani mutane da yawa, yana so a ga sunansa a kai, ko bayan ransa. Ya ce ba zai ɓoye mini ba, ko muryar ta warke, ba shi da tabbacin za ta buɗe. Yana magana ina kallon kabad ɗin da ke bayansa. Ƙofarsa ba ta rufu sosai ba, ina hango gefen akwatin a kan wasu takardu. Ina so in ji Yaya ya yi kuskuren karatu ya yi dariya. Har yanzu ina so.

Ban taɓa roƙon babban mutum komai ba, ko fita fitsari a aji sai wata ta tambayar mini.

"Mushe," na ce, "don Allah ku zo gidanmu da kanku. Ku ce mata zafi ya lalata akwatin, ba ya karɓar murya kuma, ba laifin kowa ba ne. In ni na faɗa ba za ta yarda ba. Damar da ta rage kuma ku bar ta, kada kowa ya taɓa. Ku rufe shi a kabad yadda yake, da muryoyinsu duka biyun a ciki."